Man Inna da Tagogin Gidan Gyaɗa

A bakin hanyar da ta bar garinmu ta nufi Kura akwai wani dogon gini na jan bulo da muke kira gidan gyaɗa. Turawan kamfani ne suka gina shi zamanin da gyaɗa ke da daraja, a nan ake ɓare ta da inji a ɗura a buhu. Ni ban tarar da injinan ba. Abin da na tarar jemagu ne a sama, awaki a ƙasa, sai ɓerayen da suka gaji wurin kaka da kakanni. Rufin kwanon bai yi komai ba, bangon ma ko tsaga babu. Tagogin ne suka mutu. Dogaye ne na ƙarfe, a jere gabas da yamma, kowace an raba ta gida-gida, kowane gida da ɗan gilashinsa kamar faɗin faifai. Yaran gari sun gama da gilasan da danƙo tun da daɗewa, tsatsa kuma ta kama abin da ya saura.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, da aka hana shigo da alkama daga waje, kowa a yankinmu ya koma nomanta da ruwan kanal. A lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, ina da mata da yara, ina kuma noma 'yar gonar da ta rage mana bayan an ja kanal an sake yanka filaye. Cikin wata kaka sai ga yayana ya dawo daga Kano. An rage ma'aikata a masana'antar da ya yi shekaru yana walda da gyaran ƙarfe. Ya zo da matarsa da 'ya'yansa da akwatin kayan aiki, muka share musu ɗakin da muke ajiye kayan gona.

Yaya ba shi da gona. Da mahaifinmu ya rasu, shi yana cikin daɗin albashi, ya tashi a gaban dangi ya ce ya bar mini rabonsa, shi da fartanya sun yi hannun riga. Da ya dawo na ce ya zo mu raba, ya ce ba zai lashe amansa ba. Gaskiya kuma ko mun raba, gonar ba za ta ci da gida biyu ba, shi ma ya sani. Haushinsa nake ji ina kuma jin tausayinsa. Mutum ne mai taurin kai irin na waɗanda hannunsu ya iya abu, yana zaune a zaure da safe yana kallon mutane suna wucewa gona, kamar wanda aka kawo jinya.

Ƙungiyar manoman garinmu kuwa tana neman inda za ta ajiye irin alkama. Ana girbe ta ne gab da bazara, ba a shuka ta sai sanyi ya shigo, to duk tsawon damina iri yana zaune, kuma a rumbunan gida danshi da ƙwari suna cin rabi, yunwa ta ci sauran. Aka nemi izinin gidan gyaɗa aka samu. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sanyin magana, ya ce aikin ba shi da yawa, a toshe tagogin da tubali a yaɓe, shi ke nan. Yaya da ya biyo ni taron don ya rage zaman zaure sai ya yi gyaran murya. Ya ce ginin da ba ya numfashi dafa iri zai yi, kuma waɗanda suka yi tagogin nan sun yi su ne don a buɗe da rana iska ta ratsa, a rufe idan hadari ya taso. Ya ce ƙarfen bai mutu ba, shi zai tashe shi.

Alhaji ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, “Akwai eka ɗaya a ƙarshen kanal da ta dawo hannun ƙungiya. In irin nan ya fito lafiya ranar shuka, taka ce. In bai fito ba, ka san akwai masu jira.”

A hanyar gida na ga tafiyar Yaya ta canza. Eka ɗayan nan ita ce zamansa a garin haihuwarsa. In ya same ta zai kafa ɗaki ya sa yaransa a makarantata. In bai samu ba, babu abin da zai riƙe shi.

Duk sanyin shekarar a kan tsani ya yi shi. Ya ɗaure gora da igiya ya yi abin hawa, ya fara kankare tsatsa da burushin waya da samfefa, gida bayan gida. Tsakiyar kowace taga tana juyawa ne a kan ƙusoshi biyu, a ja ta da sarƙa daga ƙasa. Waɗannan ƙusoshi sun ƙame tun kafin a haife ni. Sai ya riƙa jiƙa su da kananzir da baƙin mai, ya ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, ya bar su su kwana, gobe ya dawo ya sake lallashi. Inda ruwa ya kwanta ya cinye ƙarfen ƙasa, ya yanke ruɓaɓɓen ya ɗosa da ƙarafan tsofaffin gadaje, da injin waldan da ya aro a Kura aka kawo a amalanke. Bayan nan ya shafe komai da jan fenti. Yakan dawo gida da tsatsa har cikin gemu, idanu jajur, yana tari yana murmushi. Nakan ce masa ko amarya ba a yi mata irin wannan wanka, ya ce ni dai alli na sani, in tsaya a kan allina.

Ranar da tagar farko ta juya ina wurin. Ta yi wata ƙara da ta tashi jemagu duka, sannan ta kwanta a hankali iska ta shigo. Yaya ya sa ni na ja sarƙar na saki, na sake ja na sake saki, yana tsaye daga nesa hannu a ƙugu. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun muna yara.

Yanzu sai in kawo maganar Inna, mahaifiyarmu. Yaya ɗan farinta ne, kuma ita ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yaba masa a gaban kowa. “Wancan” take ce masa. In tana son sanin halinsa sai ta kira ni kamar za ta aike ni, ta ce wancan ya ci abinci kuwa, ko ta ce ƙarafan nan dai suna jin magana. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma manta ya yi suna har kasuwar Bunkure. Ba ta gauraya shi, ba ta barin gyaɗa ta ƙone wurin suya. Tun da Yaya ya dawo nake ganinta tana kallon bayansa in zai fita, ba ta da abin ba shi kuma ba ta da bakin lallashinsa.

Gilashi dai Yaya ya harhaɗa. Ya bi garejin motoci, ya bi masu firam ɗin hoto, ya ciro 'yan tsirarun da suka tsira a tagogin yamma, ya aro abin yanka ya yayyanka daidai gida. Abin da ya gagara shi ne foti, wato ƙullin da ake liƙe gilashi da shi a jikin ƙarfe. Shekarun nan ko sabulu sai an yi layi, balle wani foti. Ya zaga shaguna a Kano aka ce babu. Sai ya kankaro tsohon da ya saura a kusurwoyi, mai tauri kamar dutse, ya daka shi, ya murza a yatsa, ya ƙona kaɗan ya shinshina. Ya ce wannan ai alli ne da mai. Wani tsoho da ya yi dako a gidan zamanin Turawa ya tabbatar masa, ya ce da idonsa ya ga ana zuba mai daga gwangwani ana kwaɓawa kamar ƙullin waina. Ba wanda ya tambayi ko wane irin mai ne. A garinmu in aka ce mai, to man gyaɗa ake nufi, in ba na fitila ko na mota ba.

Da yamma muna cin tuwo Yaya ya faɗa mini, da ɗan ɗaga murya yadda za a ji ta bayan zana, cewa mai yake bukata, mai yawa kuma mai tsabta. Kashegari tun kafin in fita makaranta na ji ƙanshin suyar gyaɗa. Gyaɗar da ta ajiye don sana'ar shekara ta fito da ita. Ta kira mata suka taya ta daka, ta matse da hannunta, kasuwa ta ci ta sake ci ba a ga manta ba. Da ta gama ta cika tulu ta ba matata ta ce, “A kai wa wancan. Na fari ne, ban taɓa shi da komai ba.”

Yaya ya tankaɗe alli ya kwaɓa da man nan. Ƙullin ya yi kyau, sumul, yana bin yatsa, gidan gyaɗa ya ɗauki ƙanshin ɗakin girki. Asali akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu danne gilashi kafin a liƙe, amma tsatsa ta cinye su ƙurmus. Yaya ya ce ba komai, in ƙullin ya bushe zai riƙe shi kaɗai, tunda na da ma da guduma ake fasa shi. Ya jera gilasai ya gyara bakinsu da wuƙa. Da ya gama, in rana ta fito sai ka ga ginin yana walƙiya tun daga kan kanal. Masu wucewa a keke suna tsayawa kallo. Waɗanda suka yi ta yi masa ba'a suna ce masa Baturen gyaɗa suka koma cewa ai dama sun san zai iya.

Inna ma ta je. Ta ce za ta gaida wata mara lafiya a wancan gefen gari, ta sa na raka ta, muka bi ta hanyar da ba ita ce hanyar ba. Ta tsaya a tsallaken titi ta ja mayafi, ta dubi tagogin tun daga na farko har na ƙarshe. Sai ta ce ba laifi, mu tafi kada magariba ta yi mana. A tsawon rayuwata wannan ne yabo mafi girma da na ji ta yi wa Yaya, kuma da na kai masa sai da ya sa na maimaita.

Aka girbe alkama, kowa ya ware irinsa ya sa alama a buhunsa. Aka jera su a kan katako ta bangon gabas, nesa da ƙofa saboda ɓarayi. Alhaji ya yi addu'a aka shafa, ya miƙa wa Yaya makulli.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Kullum Yaya zai hau tsani ya danna ƙullin da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya ce sabo ne, zai bushe. Mako ya bi mako yana nan kamar ranar da aka kwaɓa shi. Da rana ta ƙara ƙarfi sai mai ya fara tsattsafowa yana gangarowa a kan gilashi. Tururuwa suka yi hanya a bango. Bayansu ɓeraye suka zo. Ɓerayen gidan nan da gyaɗa aka yi renon kakanninsu, an kwashe musu ita shekara da shekaru, yau ga ƙanshinta an shafa musu a kowace taga. Da safe sai ka ga sawun haƙoransu a jere, an kwashe ƙullin an bar gilashi yana rawa.

Yaya ya kawo kyanwa, ta ga yawansu ta koma gidansu. Ya sa tarko. Ya daka barkono ya zuba a sabon kwaɓi, ɓerayen suka ci kamar an yi musu yaji. Duk inda aka cinye sai ya sake liƙewa, kuma duk sake liƙewa sai da mai. Inna da ta ji ana neman ƙari sai murna ta kama ta, ta sake hura wuta. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna yake ƙona mini rai. Tana tsugune a gaban kasko cikin wannan zafi, gumi yana zuba, tana ganin ita ma ta sa hannu a aikin ɗanta.

Daga ƙarshe Yaya ya koma Kano ya yi ta cigiya har aka nuna masa wani tsoho mai aikin gilashi. Da ya dawo bai shiga gida ba, ya biyo ni gona muka zauna a bakin kanal. Ya ce tsohon ya yi dariya har da hawaye. Wai man da ake yin foti da shi na wani iri ne daban da ba a nomawa a nan, wanda in iska ta buge shi yake daskarewa. Man gyaɗa kuwa ko za a jira tashin duniya ba zai bushe ba, kuma gwargwadon kyansa gwargwadon yadda zai kira ɓera. Tsohon ya tausaya masa ya ba shi ɗan gwangwanin foti na gaske, wanda bai fi na taga biyu ba.

Na ce to mu je mu gaya wa Alhaji a janye buhunan daga gabas. Ya ce in ya buɗe baki ya ce tagogin ba su riƙe ba, ekar ta tafi a ranar. Kuma ba zai iya matsar da buhun mutum ba tare da an tambaye shi dalili ba. Zai fara da ɗan gwangwanin, ya rataya zana a bayan sauran, tsohon ya yi alkawarin nemo masa ƙari. Sama kuwa fes take, ko gizagizai babu. Muka yi ta musu har na tashi tsaye don fushi. Shi kuwa yana zaune yana kallon ruwa.

Ya ce, “Duk abin da zai faru, kada Inna ta ji man ne. Ka ji ni?”

Na ce na ji.

Hadarin farko ya zo da wuri a shekarar, bayan la'asar, Yaya bai gama taga ta biyu ba. Iska ta taso daga gabas kamar yadda ta saba. Ina kan keke daga gona na hango zanayen sun tashi sama, na kuma ji ƙarar tun daga nesa, kamar mace ta zubar da jeren kwanukanta. Gilasai suna zamewa daga gidajensu suna faɗawa ciki. Ruwa ya biyo a karkace, ya shiga ta kowace kafa ya sauka a kan buhuna. Na tarar da Yaya yana jan buhu shi kaɗai, ƙafarsa tana jini ya taka fasasshe. Mutane suka zo muka ja abin da muka iya, amma kafin nan na sama sun sha ruwa sun tsiyaya wa na ƙasa.

Aka farke buhuna aka shanya. Da rana ta tsaya da an tsira da wani abu, amma damina ta riga ta kankama, a shanya da safe a kwashe da gudu kafin azahar. Alkamar ta ɗauki zafi, in ka cusa hannu sai ka ji kamar cikin tukunya. Wata ta yi baƙi ta fara wari. Wadda ba a kai ga farkewa ba ta tsiro a inda take, koren tsiro ya huda buhu ya fito. Na ga manya sun tsaya suna kallonta, don wannan tsiron shi ne ya kamata ya fito a gonakinsu da sanyi.

A taron ƙungiya Alhaji bai zage shi ba, da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Ya ce abu ne daga Allah, kowa ya yi haƙuri ya nemi iri inda zai samu. Ya tambayi Yaya me ya faru, Yaya ya ce shi maƙerin ƙarfe ne, hannunsa bai iya aikin gilashi ba, laifinsa ne shi kaɗai. Bai ambaci mai ba, kowa kuma ya kama bakinsa, duk da kowa yana da hanci. Aka ba wani ekar. Aka karɓi makulli. Cikin makon aka kawo tubali aka toshe tagogin kamar yadda aka so yi tun farko. Ƙarafan suna nan a cikin bangon da jan fentinsu, har da sarƙoƙin, an yaɓe su da laka.

Yaya ya kai matarsa da yara gidan iyayenta a Garun Mallam, ya ce zai bi wani abokinsa kudu inda aka ce ana neman masu walda. Tafiyar ke nan. Bayan haka sai dai ya zo Sallah ya koma, wata shekarar ma bai zo ba. Yaransa ba su taɓa zama a ajina ba.

Tun yana saurayi, duk tafiyar da zai yi Inna takan ƙulla masa ƙuli-ƙuli ta cika kwalba da mai, ta ba ni in sa a jakarsa don ita ba za ta miƙa masa ba. Safiyar nan ma haka ta yi. Ni na yi shiru kamar yadda na ɗauki alkawari, matata ma na ja mata kunne, har na fara jin sanyi cewa maganar ba ta kai gare ta ba. Na sa kayan a jaka na ɗauka, na kai bakin zaure sai ta kira ni. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ba ni take kallo ba.

Ta ce, “Ciro kwalbar nan ka ba ni.”

Na ce, “Inna, ai ya saba tafiya da ita.”

Ta ce, “Ciro ta. Abin da man nan ya yi masa ya isa.”

Na ciro na ba ta. Ta sa ta cikin mayafi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Yaya yana zaure yana cewa in yi sauri kada mota ta wuce. Ya karɓi jakar ya buɗe don ya cusa hularsa. Ya ga ƙullin ƙuli-ƙuli, ya ɗaga shi, ya laluba ƙasa, ya sake lalubawa. Ya ɗago ya dube ni, na ce wallahi ba ni na faɗa mata ba. Ya tsuguna a wurin da jakar a buɗe, yana kallon ƙofar cikin gida, har muka ji mota tana hon a bakin titi. Sannan ya ɗaure bakin jakar ya ce mu tafi.